Sakiyar da Baballe Ya Yi wa Alhaji Hashimu

A Kwanar Marke, ƙauyen da babban kanal ya ratsa tsakanin Kura da Bunkure, da wuya ka sami namijin da ya haura shekara talatin wanda askar gidan su Baballe ba ta bi ta kansa ba. Kakansa wanzami ne, ubansa wanzami ne, shi ma yana ɗan shekara goma sha biyu aka rataya masa zabira, jakar fatar nan mai aljihu-aljihu da ake zuba asake da ƙahonni a ciki. Yanzu ya ba sittin baya. Gajere ne, baƙi, mai ƙaton kai, ga hannu mai taushi, ga baki kamar an jiƙa shi a ruwan barkono. Ba ya noma. A garin da ko akuya ta san ranar da ake sako ruwa, Baballe bai mallaki fangalin shinkafa ko ɗaya ba, domin ubansa ya sayar da 'yar gonar da aka yanka musu lokacin da aka haƙa kanal, wai shi ba zai iya tsayuwa cikin taɓo ba. Abin da ya bar wa ɗansa shi ne zabira da suna. Da sunan nan Baballe ya ci abinci kusan shekara hamsin, da shi ya aurar da 'ya'ya mata huɗu.

Wanzami a ƙauye ba zaɓensa ake yi kamar tumatir a kwando ba, gadonsa ake yi. Wanda ya yi wa ubanka aski, ɗansa ne zai yi maka, ko kuna shiri ko ba kwa yi. In an yi haihuwa shi za a fara aika wa ya zo ya duba jariri, ran suna ya sauke masa gashin da ya zo da shi duniya, a ba shi kasonsa na naman rago. Kaciyar yara tasa ce, ƙaho nasa ne, in an yi girbi kuma kowane gida ya san zai aika masa da shinkafa. Gaskiya ne samari sun gudu shagunan aski na Kura, inda ake kunna janareto a bi kan mutum da kilifa a bar masa tukku kamar zakara. Amma dattawa da jarirai suna nan, kuma su suka riƙe Baballe.

Cikin gidajen da ya gada akwai gidan Alhaji Hashimu, kuma da ana mayar da gado da tuni ya mayar da wannan. Sa'o'in juna ne, tare aka yi musu kaciya, tun daga lokacin kuma ba sa ga maciji. Uban Hashimu ne ya sayi gonar nan ta uban Baballe, Hashimu kuwa bai taɓa bari an manta ba. Kowace Juma'a da hantsi Baballe zai shiga zaurensa ya shimfiɗa buzu, Hashimu ya miƙo kai yana cewa, "Wanzam, bana ma gonar babanka ta yi kyau. Allah ya ji ƙan mai sayarwa." Baballe ya jiƙa masa kai ya ce, "Amin, Alhaji. Daina motsi, aska ba ta san mai gona ba." Haka suka yi shekara arba'in, ɗaya yana zagi da kai a sunkuye, ɗaya yana ramawa da aska a hannu, kuma ko ƙwarzane bai taɓa shiga tsakaninsu ba. Baballe yana alfahari da wannan ƙwarai.

Hashimu ba manomi kawai ba ne, shi ne mai riƙe da makullin ruwa. Ƙaramin kanal ɗin da ke shayar da gonakin Kwanar Marke yana da ƙofar ƙarfe, mai makulli ne kuma ke buɗewa ya rufe, ya ce yau na wannan layi ne, gobe na wancan. Gonakin da ke bakin ƙofa ba su da damuwa, ko an yi yaya za su sha. Na can ƙarshen layi su ne a wahale, in na gaba suka tare ruwa sai dai su ga laima. Gonakin Hashimu a ƙarshen layi suke. Shekara goma sha biyu ke nan da ƙungiyar manoma ta damƙa masa makulli, shinkafarsa ba ta sake jin ƙishi ba. Mataimakinsa Hambali kuwa, wanda nasa gonakin ke bakin ƙofa, ya yi shekarun nan yana haɗiyar yawu.

Da damunar bara Hashimu ya fara ramewa. Baballe ne ya fara lura, domin kan da ka saba riƙewa ba ya ɓoye maka komai. Fatar ta saki, ƙasusuwan gefen ido sun fito. Sai ciwon ciki mai ratsawa har gadon baya, sai abinci ya fita daga ransa. Aka ce olsa ce, aka yi ta shan magani. Da aka shiga tsinkar tumatir idanunsa suka koma rawaya, jikinsa ya kama ƙaiƙayi, aka ce ai shawara ce. Mai shawara kuwa duk garin sun yarda ba a kai shi asibiti, wai allura ɗaya ce za ta aika shi lahira. Aka dafa saiwoyi aka yi ta ɗura masa. Wautar nan ta ci mutane ba kaɗan ba, kuma har gobe akwai masu rantsuwa a kanta.

Wata Juma'a bayan an gama aski, Hashimu ya ce a sakaya ƙofar zaure, ya ɗage rigarsa. A cikin cibiyarsa wani ƙullutu ne ya fito, girman goro, ya yi jaja-jaja yana sheƙi.

"Maruru ne," in ji Hashimu. "Sati uku ya ƙi nuna. Yi masa sakiya in huta."

Sakiya aikin wanzamai ce tun kaka da kakanni. A gasa tsinken ƙarfe ya yi ja, a huda kumburi, mugunya ta fita. Baballe ya yi ta ba adadi. Ya durƙusa ya sa yatsa ya danna. Maruru yana da zafi, yana da laushi a tsakiya. Wannan kuwa tauri gare shi kamar tsakuwa, ya kafe wuri ɗaya, kai ka ce daga can ciki aka ɗaure shi.

"Alhaji, wannan ba na ƙarfe ba ne. A kai ka Kano."

Hashimu ya dube shi da rawayan idanunsa ya yi murmushin mugunta. "Au, hannun ya fara rawa ke nan? Dama na ji ana cewa tsufa ya kama ka. Bari in aika Bunkure a kira min wanzamin nan mai sa safar hannu. Kai ka ci gaba da aske jarirai, su ba sa ƙorafi."

A nan Baballe ya yi kuskuren rayuwarsa, kuma babu amfanin a yi masa kara. Yatsansa ya gaya masa gaskiya, ya ji, ya kuma gane, amma zafin maganar ya fi ƙarfinsa. Ya ce a kawo garwashi. Ya gasa tsinke ya huda. Hashimu ya cije haƙora. Babu mugunya ko ɗigo, sai wani jini baƙi-baƙi da ya ɗan tsattsafo. Baballe ya shafa magani ya ɗaure, ya naɗe buzunsa ya fita, bai yarda sun haɗa ido ba.

Wurin bai rufe ba. Ya buɗe baki, ya kama zubar da ruwa, ya fara wari. Bayan sati biyu Mudassiru, babban ɗan Hashimu, ya ce shi kam ko allura za ta kashe uban sai ya kai shi, ya sa shi a mota suka tafi babban asibiti a Kano. Suka yi kwana goma sha biyu suka dawo. Ranar da suka dawo Mudassiru ya tsaya a ƙofar masallaci bayan azahar, mutane suka kewaye shi da tambayar mai jiki.

"Da sauƙi," in ji shi. "Likitoci sun ce ƙarfen wanzami ne ya sa masa cuta, har ta shiga jini. Amma yana shan magani, kafin girbi zai miƙe. Makulli kuwa ni zan riƙa buɗewa da sunansa kafin ya warware."

Kowa ya ce Allah ya ƙara sauƙi. Hambali ma ya faɗa, ko da yake sai da ya yi gyaran murya tukuna.

Kafin la'asar maganar ta zagaye gari, kuma duk gidan da ta shiga sai ta fito da ƙari. A wajen mata masu turara shinkafa aka ce tsinken ya yi tsatsa. A teburin mai shayi aka ce ba tsatsa ba ce, dafi ne, wa bai san tsohuwar gabarsu ba? Mai kemis ɗin bakin titi, wanda ya daɗe yana jin haushin masu zuwa ƙaho maimakon su sayi ƙwayarsa, ya yi ta wa'azin ƙarfen wanzamai kamar an ba shi mumbari. Mutanen da Baballe ya riƙe kawunansu tun suna tsumman goyo su ne suka fi kowa zaƙewa. Ya je gidan da ya saba a ce mai gidan ya tafi gona, alhali ga takalmansa a bakin ƙofa. Aka yi suna biyu a sati ɗaya ba a aiko masa ba. Samari 'yan acaɓa suka laƙaba masa Dakta, in ya wuce su dafe cibiyoyinsu suna dariya. Mudassiru da ya tashi yana ce masa Baba Wanzam, yanzu in sun haɗu sai ya tofar da yawu ya kau da kai.

Baballe ya rama da baki iya ƙarfinsa, ya zagi na zagi, ya tsine wa na tsinewa. Amma a ransa tsoro ne fal, domin ya san ya huda abin da bai kamata ya huda ba, kuma bai san ko gaskiya likitocin suka faɗa ba. Ya daina fita, ya zauna a tsakar gida yana wasa asaken da ba wanda zai aske da su. Matarsa Zuliha ce ta gaji da kallonsa.

"Malam, zaman nan ba zai wanke ka ba," in ji ta. "Ka ce shi ya matsa maka, ka ce ka gaya masa a kai shi Kano. To ka je ka same shi. In yana tsoron Allah ya faɗa da bakinsa."

Ya jira hantsin da Mudassiru ya tafi buɗe ruwa, ya rataya zabira ya tafi. Wanzamin gida ba a hana shi shiga, matan suka amsa sallamarsa ciki-ciki suka nuna masa turaka. Hashimu yana zaune a kan katifa ya duƙufa a kan matashi, don a haka kawai ciwon bayan ke ɗan lafa masa. Ya zama ƙashi da fata. Gashi ya cika masa kai, gemu ya hargitse, sati shida ba wanda ya taɓa shi.

"Wa ya ba ka izinin shigowa?" in ji Hashimu.

"Wanda ya ba ni izinin huda ka."

Hashimu ya fara dariya, ciwo ya katse ta. "Zauna, Wanzam. Tsayuwarka tana sa ni jiri."

"Ba zama ya kawo ni ba. Ka ji abin da ɗanka yake faɗa a gari?"

"Ni na sa shi."

Baballe ya zauna.

"Sakaya ƙofar," in ji Hashimu. Da aka sakaya ya rage murya. "Daji ne. Kuma ba a cibiya ya fara ba. Akwai wani nama kwance a bayan tumbi, mai taya ciki narka abinci, can ya tsiro, ya daɗe yana cina ban sani ba. Shi ya toshe hanyar matsarmama, rawayar idon ke nan da muke ta yi wa jiƙo. Ya kama hanta. Likitar mace ce, 'yar ƙarama, na haife ta. Ta ce wannan na cibiya shi ne na ƙarshen fitowa. Na ce mata na gane, in ka ga ruwa a gonar ƙarshen layi, ai ya riga ya ratsa duk na gaba. Na tambaye ta sakiyar fa? Ta ce ba ta kyautu ba, ta ƙara min ciwo a kan ciwo, amma ko ba ka taɓa ni ba tafiyar ɗaya ce. Babu aiki, babu komai, sai maganin rage zafi. Wata biyu, ko uku."

Ya kamata a ce tausayi ne ya fara kama Baballe. Ba shi ba ne. Sanyi ya ji ya ratsa shi har tafin ƙafa, irin na wanda aka sauke wa kaya, sai daga baya kunya ta biyo. Ya yi salati, ya ce Allah ya sa kaffara ne, sannan ya ce, "To, Alhaji, ka fito ka faɗa."

"Ba yanzu ba."

"Don me?"

"Kai ba manomi ba ne, shi ya sa kake tambaya. Ciwon wanzami ana warkewa, shi ya sa aka bar makulli a gidan nan. Ranar da aka ji kalmar daji, kafin azahar Hambali ya karɓe shi. Shinkafata ta ɗauki ciki, sati biyar take nema, in ta rasa ruwa yanzu ƙaiƙayi za a yanka. Ita ce abin da zan bar wa mata biyu da 'ya'ya goma sha ɗaya. Ka bari a yanke ta, in tara mutane in wanke ka da bakina."

"In ba ka kai ba fa?"

"Sai ka yafe."

"Wato da sunana za ka shayar da gonarka?"

"Gonar babanka ce, ka taimaka mata."

Da mai lafiya ne ya faɗi haka da Baballe ya shaƙe shi. Ya miƙe yana huci, Hashimu ya kama bakin rigarsa da hannun da ba ƙarfi a cikinsa.

"Wanzam, ko matana ban gaya wa ba. Daga ni sai Mudassiru, sai kai, don kai ka taɓa abin da hannunka. Amana na ba ka."

Baballe ya dube shi. Ya tsani mutumin nan, kuma bai taɓa tsanarsa kamar yau ba. Amma ga shi zaune a gabansa ba ya iya miƙe bayansa.

"Sati biyar," in ji shi. "Na riƙe."

"To tunda ka zo, sauke min gashin nan, ya dame ni."

Ya kuwa sauke masa, ƙofa a rufe, ba mai gani. Mutumin da ya sa aka ce ƙarfensa dafi ne, shi ne ya ɗaga masa maƙogwaro ya lumshe ido, har gyangyaɗi ya yi kafin a gama gyaran gemu.

Sati biyu Baballe ya riƙe. Zuliha ta tambaye shi yadda suka yi, ya ce mata a yi haƙuri, ta yi tsaki ta ce haƙurin ba ya shiga tukunya. 'Yan acaɓa suka ci gaba da dafe cibiya, ya wuce su kamar kurma. Kullum da yamma sai ya bi ta ƙarshen layi ya tsaya yana kallon shinkafar Hashimu, shi da bai taɓa damuwa da gona ba, yana ganin kamar da gangan take ƙin nuna.

A cikin sati na uku 'yarsa Raliya ta haihu, namiji, jikansa namiji na farko. A garin take aure, gidan mijin kuma yana cikin gidajen da ya gada. Ya wasa sabuwar aska, ya ɗinke zabirarsa inda ta yage. Ran suna da safe ya isa ƙofar gidan, sai ya tarar da babur ɗin wanzamin Bunkure a jingine. Surukinsa ya tare shi yana sosa ƙeya.

"Baba, ka yi haƙuri, ba ni ba ne, iyayena ne suka ce. Ga tabarma can ta manyan baƙi."

Ya zauna a tabarmar manyan baƙi, zabira a cinya. Yana kallo aka fito da jaririn, wani hannu mai safar roba ya tallafi kan ya fara aski. Riƙon ma bai iya ba, ya bar wuyan yaron yana lilo. Can a bayansa wani ya ce, ba ma a hankali ba, "Gara haka, a bar yaro ya rayu." Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Daga cikin gida kuma ya jiyo kukan Raliya, mata suna ba ta baki. Aka kawo waina bai taɓa ba, ya tashi ya tafi.

Washegari Asabar ƙungiyar manoma ta yi taro a gindin marken da ke bakin ƙofar ruwa, kan batun cire ciyawar kacalla da ta toshe kanal. Baballe ba ɗan ƙungiya ba ne, bai taɓa zuwa ba. Ya ratsa mutane ya tsaya a tsakiya, liman yana zaune, Hambali yana zaune, Mudassiru yana tsaye da makulli a rataye a wuya.

"Jama'a, ku saurare ni, ba zan daɗe ba," in ji shi. "Fiye da wata guda kuna cin namana. Alhaji Hashimu ba ƙarfena ne ya kwantar da shi ba. Ciwon daji gare shi, daga cikin cikinsa ya taso ya ɓullo ta cibiya, likita ta ce ba zai tashi ba. Da bakinsa ya gaya min. Sun laƙa min ne don kada a karɓe makulli kafin su yanke shinkafa. Ga ɗansa nan, ku tambaye shi."

Mudassiru ya yi kansa, aka rirriƙe shi. "Tsohon banza! Maƙaryaci! Ka kashe shi bai ishe ka ba?"

"Ni ne maƙaryaci? Liman, a kawo Alƙur'ani, ni da shi."

Liman ya dubi Mudassiru ya ce, "Ɗana, ba sai an kai ga haka ba. Kai dai ka ce min ba gaskiya ba ne." Sai Mudassiru ya durƙusa a bakin kanal ya fashe da kuka kamar ƙaramin yaro. Hambali ya bari ya ɗan lafa, sannan ya ce, cikin muryar tausayi da ba ta yi kama da shi ba, ai doka ta ƙungiya a fili take, in mai makulli ba zai tashi ba mataimaki ke karɓa, kuma bai kamata a bar yaro da nauyi biyu ba, ga jinya ga ruwa. Kafin a tashi makulli ya koma wuyansa.

Matan Hashimu a bakin masu tallan awara suka ji cewa mijinsu mutuwa zai yi. Uwargidan ta faɗi a tsakar gida sai da aka yayyafa mata ruwa. Shi kuwa da aka gaya masa abin da ya faru, an ce ya juya fuskarsa bango. Bai aika wa Baballe da zagi ba, bai aika masa da komai ba. Hambali ya sake tsarin kwanakin ruwa tun a satin, ya ce gyara ne. Shinkafar ƙarshen layi, ta Hashimu da ta maƙwabtansa da ba su san hawa ba balle sauka, ta tsaya cikin busasshiyar ƙasa tana fari. Kwana goma sha ɗaya bayan taron Hashimu ya rasu da rana tsaka.

A wajen zaman makoki mutane suka yi ta miƙa wa Baballe hannu. "Ashe zaluntarka aka yi, Wanzam." "Wallahi ni dama ban yarda ba." Waɗanda suka fi kowa yaɗa maganar dafi su suka fi kowa rantsuwa. Mai kemis ya ga Baballe ya sunkuyar da kai, 'yan acaɓa suka koma gaishe shi. Ya ji daɗi, ba zai ɓoye ba. Mutuwar ta taɓa shi fiye da yadda ya zata, amma ya gaya wa kansa ba shi ya fara ba, kuma duk wanda aka yi wa abin da aka yi masa a gaban jikansa zai yi fiye da haka. Ya ce wa Zuliha ta kwantar da hankalinta, an wuce wurin.

Juma'ar da ta biyo bayan sadakar bakwai ya yi wanka, ya rataya zabira, ya fara da gidan Malam Dalhatu. Dattijo ne mai sanyin hali, malamin allo, kuma shi kaɗai ne duk tsawon makonnin nan bai daina kiran Baballe ba. Ana tsakiyar maganar dafi yake zama a ƙofar gida a yi masa aski kowa yana gani. Baballe ya yi sallama zai shiga zaure kamar yadda ya saba, sai ya tarar da Malam a tsaye a bakin ƙofa, ya cika ta.

"Baballe, tsaya daga nan."

"Lafiya, Malam?"

"Lafiya lau. Hannunka ban taɓa shakkarsa ba, ko na rana ɗaya, kai shaida ne. Amma shekara ashirin kana yi min ƙaho, kana ganin abin da ke jikina wanda ko 'ya'yana ba su sani ba. Kai ka san wace mace ce a gidan nan ta sha wahalar haihuwa, da abin da ya same ta. Tun ran Asabar ɗin nan nake tambayar kaina, in wata rana na ɓata maka rai, a gindin wace bishiya za ka faɗe ni?"

"Haba Malam! Sunana aka ɓata. Jikana aka hana ni taɓawa, kana gari."

"Ina gari. An zalunce ka, kuma da ni ne ban san abin da zan yi ba. Amma mutum yana kwance yana mutuwa ya ce maka amana, ka ce ka riƙe. Mudassiru ya gaya mana a wajen makoki, uban ne ya faɗa masa."

"Sati biyar ya ce, Malam. Da na jira, da ya mutu da sunana a bakinsa."

"Haka ne. Wataƙila ma da har yau ana zaginka." Idon Malam Dalhatu ya kawo ruwa. "Da kuwa yau kana cikin zauren nan, kaina yana hannunka. Ka gaida gida, Baballe."

Ya koma ciki ya sakaya ƙofar a hankali. Baballe ya tsaya a wurin har rana ta fara cizon ƙeyarsa. Akwai sauran gidaje shida a layin da ya saba shiga kafin a tafi masallaci, masu gidajen duk sun riƙe hannunsa a wajen makoki. Ya je na farko ya yi sallama sau uku, aka leƙo aka ce mai gidan ya gode, zai aiko in yana bukata. A na biyu ma haka aka ce masa, kalma ɗaya ba ta bambanta ba. Bai je na uku ba. Ya sauke zabirar daga kafaɗa ya riƙe ta a hannu, ya bi ta bayan gari ya nufi gida.